Kyautar Mai Labule

Masu karatu, ku gyara zama. Yau ba kuka na zo yi muku ba, na riga na yi shi na wanke fuskata. Tsiya na zo yi. Kuma kafin wata ta shigo mini ƙasan rubutu da "haba baiwar Allah, kyauta fa aka ba ki," ta yi haƙuri ta kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, da Auta kowa ke kirana har masu kawo mini aiki. Sana'ata surfani na inji. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai wanki da guga da wani kantin magani. Injin nan ba ya motsi da kansa. Sai na zana fure ko tambari a laftof, wata manhaja ta mayar da zanen ɗinki, in tura wa injin ta kebul, sannan allura ta fara rawa.

Laftof ɗin kuwa, Tsohuwa nake ce mata. Marigayi Abbanmu ne ya sayo mini ita tare da injin, duka na hannu. Murfinta da salatif yake tsaye. Harafi ɗaya ya fice ya bar gurbi kamar giɓin ɗan yaye. In ta yi zafi, fankarta kan yi kuka har mai guga ya leƙo ya ce, "Auta, niƙa kika fara?" Amma ita kaɗai ce injin ke jin maganarta. Manhajar tsohuwar yayi ce, waɗanda suka yi ta sun daɗe da daina waiwayarta, kuma ba ta hawa sababbin kwamfutoci.

To, kwanakin baya sai Tsohuwa ta fara fito mini da wani saƙo. Wai tsarin da take aiki da shi ya kusa daina samun sabuntawar tsaro, wato ƙofar da ke tare ɓarayin intanet za a daina gyara mata sakata. Zaɓi biyu suka ba ni: in yi rajistar ƙarin wa'adi na shekara guda, ko in sayi sabuwa. Ban ko ɗaga hankalina ba. Na ce zan karɓi ƙarin wa'adin, in ya ƙare in raba ta da intanet gaba ɗaya, ta zauna ita da injinta, hulɗa da masu aiki kuma in yi a waya. Magana ta ƙare.

Da ta ƙare ɗin, in da a ce saƙon bai fito a gaban Mai Labule ba.

Mai Labule shi ne manemina, ko in ce manemin Umma, don ita ce ke jin zuwansa kamar saukar ruwan farko. Yana da kantin labule da kafet. Tun da ya fara zuwa gidanmu, tagogin falonmu suka daina hutawa. Yanzu haka wani jan karan-miski ne a jiki, mai kauri kamar bargo, da tuntaye ruwan gwal suna reto. Falon da bai fi taku kaɗan ba, da rana tsaka sai mun kunna fitila. Bai tambayi kowa ba. Ma'aikatansa kawai muka gani da tsani. Umma ta ce ma sha Allah. Ni na ce an mayar da mu kamar masu zaman makoki a otal.

Ran nan da yamma ya shigo, turarensa ya riga shi sallama. Farin yadi mai sheƙi, karin guga kamar ya yanki hannu, agogo mai faɗin murfin kofi, makullin mota yana juyawa a ɗan yatsa don kada mu manta da mota ya zo. Ina zaune a kan kafet da Tsohuwa a cinya, ina gyara wani tambari. Sai ga saƙon ya faɗo.

Ya miƙo wuya ya karanta. Ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa.

"Subhanallahi! Gimbiya, ai wannan ta mutu."

"Ba ta mutu ba. Rajista kawai zan yi."

"An ce babu tsaro! Ke kin san ɓarayin intanet kuwa? Za su shiga su kwashe hotunanki."

"Hotunan furanni ne da bajon makaranta. In sun kwashe su taya ni ɗinkawa."

Bai yi dariya ba. Mai Labule ba ya dariya sai in shi ya yi barkwancin. Na ajiye wasa na yi masa bayani dalla-dalla: ga manhaja, ga inji, ga dalilin da sabuwa ba za ta yi mini amfani ba. Yana ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar ƙadangare, idonsa a kan agogonsa. Da na gama ya ce:

"Ki bar mini wannan."

"Ba abin da zan bar maka. Ba na son sabuwa."

Umma ta shigo da tiren lemo daidai nan. Ta watsa mini wani kallo da ya kusa ƙona mini mayafi.

"Ka ji ta ko, ɗana? Haka take tun tana goye. In ka ba ta nono sai ta tambayi dalili."

Washegari saƙonni suka fara.

"Barka da safiya gimbiyata. Duba waɗannan." Hotunan laftof reras, kowace da farashinta a jiki, bai ko yanke wurin ba.

Na rubuta: "Na gode. Ba na buƙata."

Ya turo zuciya ja.

Na rubuta: "Da gaske nake. Injina ba zai yi aiki da su ba."

Ya turo zuciya biyu da fure.

Jama'a, ku gaya mini, wane yare ne kuma ya rage? Na yi Hausa, na yi bayani, na yi gajeren saƙo, na yi dogo. Mutumin nan in ka ce masa gidanka na cin wuta, labulen da zai dace da toka zai turo maka.

Yayata, wadda ke aure a bayan layinmu, ita ma aka ɗauke ta aiki. Ta kira ni ina tsakiyar sa zare a allura.

"Auta, wai ke me kike nema a duniya? Mutum na son ya kashe miki kuɗi kina noƙewa. Ni mijina ko cajar waya sai na yi kwana uku ina tuni."

"Yaya, ba kuɗin ba ne. Ba ya jin magana."

"Wane namiji ne ke ji? Ki samu mai saye dai, jin ya zo daga baya."

Na ce to. Me zan ce?

A makon ne na samu aikin da na daɗe ina roƙon Allah. Shugabar wata makarantar yara ta ba ni bajon yunifom na ɗalibanta kaf, tambarin littafi da tauraro, shuɗi a kan fari. Mace ce mai tabarau a karan hanci, ba ta maimaita magana. Ta ce, "Litinin da safe. In kin cika alkawari, rigunan wasanni ma naki ne. In kin saɓa, kada ki ba ni labari." Na yi kusan rabi, shuɗin zare ya yanke mini. Ranar Asabar da hantsi na bar Tsohuwa a kan gadona tana caji, na yafa mayafi na tafi kasuwa.

Da na dawo, tun daga ƙofa na ji turaren nan.

Na ɗaga labule, da hannu biyu don nauyinsa. Umma na hakimce cikin leshinta ruwan hoda wanda ba ya fitowa sai da babban dalili, da sarƙa da awarwaro. Yaya na tsaye a kusurwa da waya a sama, tana ɗaukar bidiyo. Mai Labule ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmi na ƙyalli. A kan teburin tsakiya ga wani kwali an naɗe shi da takarda mai walƙiya, an ɗaure da jan ƙyalle kamar rago mai zuwa gasa.

"Buɗe mana!" in ji Yaya. "Ki yi murmushi, ina ɗauka."

Ni kuwa gumi sharkaf, ledar zare a hannu, silifas duk ƙura. Na durƙusa na buɗe. Laftof ce siririya kamar faranti, launin hoda mai ruwan gwal. Kyakkyawa ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Na juya ta gefe, na juya ɗaya gefen. Ko ramin da zan soka kebul ɗin injina babu.

"Irin ta matan manya ce," in ji Mai Labule, yana kallon wayar Yaya maimakon ni. "Ba ta da nauyi. A kan gado ma za ki iya kallon fim."

"Na gode," na ce, don Umma ta haife ni kuma tana wurin. Na tashi na shiga ɗaki in ajiye zare.

Gadon wayam. Caja kaɗai ke kwance, kamar wutsiyar da ƙadangare ya yar.

Na fito. "Umma, ina kwamfutata?"

"Ga ta nan a gabanki."

"Tsohuwar."

"Au, wannan gwangwanin? Kina fita ya turo aka karɓa. Duk an juye miki kayanki a sabuwar."

Mai Labule ya yi murmushin wanda ya gina masallaci. "Hotunanki duk suna ciki, gimbiya. Har na sa miki nawa a fuskar."

Na buɗe murfin. Wallahi ga shi nan, ya jingina da mota, ya riƙe haɓa.

"Ina ka kai ta?"

"Ki manta da ita."

"Ina ka kai ta?"

"Auta!" Umma ta daka mini tsawa. "A gaban baƙo?"

Yaya ta sauke waya a hankali. Shi kuwa ya kaɗa makulli ya ce yana wurin mai gyaran da ya sayi sabuwar a hannunsa, a layin masu gyara, an bar masa ita ya goge ya yi abin da ya ga dama. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ya zubar da shara.

Ya goge. Kalmar nan kaɗai na ji. In aka goge Tsohuwa, manhajar ta tafi, ba kuma inda zan samo wata. Injin da ke shagona ya zama teburin ajiye kaya.

Ban tsaya sallama ba. Na rungumi sabuwar da kwalinta da jan ƙyallenta na fita. Ina jin Umma na cewa, "Ka gani ko? Murna ce, za ta je ta nuna wa ƙawaye."

Layin masu gyara wuri ne da ƙaurin dalma ke shiga ido. Rumfuna a jere, kowace da tulin matattun kwamfutoci kamar kabarin ƙarfe. Na yi ta tambaya, wa ya sayar da laftof ruwan hoda yau, har aka nuna mini wani dattijo mai furfura a gemu, yana shan shayi yana sauraron ƙwallo a rediyo.

"Sannu Baba. An kawo maka wata tsohuwar laftof da safe, mai salatif a murfi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce amaryar?"

"Ni ce mai ita. Ka goge?"

Ya kurɓi shayi. Ya kurɓa kuma. Na rantse a tsakanin kurɓa biyun nan na tsufa.

"'Yata, ni aikin da aka biya ni kafin in yi, shi nake bari ƙarshe."

Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo ta. Tsohuwa, da giɓinta da komai. Na zauna a kan wani kwali ba tare da an ce in zauna ba. Allah Ya yi wa lalaci albarka, na faɗa a raina.

"To amma me za ki yi da ita," in ji shi, "tunda kin rufe shagon?"

"Wane shagon na rufe?"

Ya rage muryar rediyo. Ya dube ni, ya dubi kwalin da ke hannuna, na ga alamar ya gane ya taka wani abu.

"Ni dai ba ruwana da shiga tsakani."

"Baba, don girman Allah."

Ya sosa gemu. "Shekaranjiya ya zo. Ya ce akwai injin surfani da ke aiki da tsohuwar manhaja, ko za ta hau sabuwar kwamfuta? Na ce da wuya, amma akwai dabaru, a samo mai rami irin na da a gwada, ko kuma a bar tsohuwar a yi mata ƙarin wa'adi, ai ya fi sauƙi. Ya ce shi ba dabara ya zo nema ba. Ya ce in zaɓo masa wadda ko aljani ba zai sa ta yi magana da injin ba. Wai amarya ta gaji da sana'a, kunya ce ta hana ta faɗa."

Masu karatu, ina masu cewa kyauta ce? Ku matso kusa, ban ji ku ba.

Duk tsawon lokacin nan ina yi masa kallon kurma. Ina cewa ba ya ji, ba ya fahimta, kansa cike yake da yadin labule. Ashe ya ji sarai. Ya ji fiye da yadda na faɗa. Bayanin da na zauna na yi masa dalla-dalla, shi ya ɗauka ya auna inda zai sa wuƙa.

Na miƙa hannu zan ɗauki Tsohuwa. Dattijon ya dafe ta.

"A'a fa. Wanda ya kawo ya bar mini. In ya dawo ya tambaya, me zan ce?"

Na ɗora masa kwalin a kan benci, na gyara jan ƙyallen ya zauna daidai.

"Ka ce amarya ta zo ta yi musaya. Ka riƙe masa wannan. Hotonsa na ciki, ba za ta ɓata ba."

Ya dubi siririyar, ya dubi mai salatif, ya dube ni kamar wadda ta ba da doki ta karɓi jaki. Sannan ya ɗage hannunsa.

Kai tsaye shago na wuce. Na jona ta, na danna. Fanka ta ɗauki kukanta, ban taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba. Saƙon nan ya fito, na bi shi, na yi rajistar ƙarin wa'adin a zama ɗaya, abin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Abin da aka tara mini falo a kansa ke nan. Na soka kebul, na sa shuɗin zare, na ɗaure farin yadi a firam. Allura ta sauka. Tauraro ya fara fitowa ƙarƙashin littafi. Mai guga ya leƙo ya ce, "An dawo da niƙa ke nan." Na ce masa an dawo.

Sai da bajo suka taru a tire sannan na ɗauki waya na rubuta masa:

"Kyautarka na wurin mai gyara. Ya gaya mini abin da ka ce ya zaɓo."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito. A karon farko tun da na san shi, ba zuciya ba fure.

"Gimbiya, matata ba za ta zauna a bakin titi tana gaisawa da kowane mai wucewa ba. Don darajarki na yi."

Na rubuta: "Allah Ya ba ka matar." Na kife wayar.

Rana na shirin faɗuwa na kulle shago, na sa Tsohuwa a jaka na rataya a gaba kamar goyo. A hanya ina ta tsara yadda zan faɗa wa Umma. Na san halinta. Tana son Mai Labule, amma ta tsani munafunci fiye da yadda ta tsani ƙuda a abinci. Har ina hango ta tana fizge jan karan-miskin nan daga taga.

Na same ta a ɗakinta ta cire leshi, ta koma tsohuwar doguwar rigarta ta gida, tana ninke wanki a bakin gado. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na zayyana mata komai, tun daga rumfar dattijo har saƙon ƙarshe. Ban rage ba, na ma ƙara gishiri.

Ba ta yi salati ba. Ba ta dafe ƙirji ba. Ta ɗauki zanen gado ta kama baki biyu ta haɗa.

"Umma, kin ji kuwa? Da gangan ya yi. So yake ya kashe mini sana'a."

"Na ji."

"Shi ke nan? Kin ji?"

Ta shafa zanen da tafin hannu har ya kwanta.

"Shi wannan bawan Allah, ina ya san inji na buƙatar kwamfuta? Da kika yi masa bayani ma cewa ya yi bai gane komai ba. Ni na zaunar da shi."

Na ji kamar an ɗauke wuta a cikin kaina.

"Ke, Umma?"

"Ni. Na ce masa muddin injin nan na motsi, ba za ki dubi kowa ba. Ƙarya na yi? Wa ya zo bai koma ba? Kullum ki dawo ido jajir, baya a sandare, yatsu duk huda. Ki ci abinci a tsaye ki kwanta. Ni ba yarinya ba ce, Auta. So kike in rufe ido in bar ki ke da allura?"

Muryarta ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe, ta yi sauri ta ɗauki wata riga.

Mai Labule zan iya yi masa dariya har gobe. Wannan kuwa matar da ta riƙe mini fitila ce ranar da na fara koyon sa zare. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ina can ina jifan ƙadangare, ban taɓa duba bangon ba.

"Ina da aikin makaranta," na ce, da wata murya da ban san ta ba. "Litinin zan kai."

"Ki kira su ki ba su haƙuri."

"Umma..."

"Shagon nan da sunana aka kama shi, kin sani." Ta ajiye rigar. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe, ba ta ko kalle ni ba. "Ba ni makullin."

Makullin na cikin hannuna, na damƙe shi har haƙoransa na cizon tafina. Tsohuwa na jingine a ƙirjina, da sauran ɗuminta. Bajo rabi na jira a tire.

A waje, mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi hon.

"Ga shi nan ya zo," in ji Umma. Hannunta bai sauka ba.

Ni ma nawa bai buɗe ba.